Fuskar Yaya Eudora a Kan Katako

Marigot, Dominika

Zuwa ga yayata Eudora,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da gwiwar nan taki da ba ta shiri da sanyin Ingila. Mu dai mun gode Allah. Guguwa ta tafi da rufin kasuwa da kwalekwale da dama, amma ba ta tafi da ran kowa ba.

Ki taya ni murna, Yaya. Ashe tun tuni babban mai zane nake aure ban sani ba. Cuthbert ɗin nan da kika ce ko bangon bayan gida ba zai iya shafa wa fenti ba, yau har Fada, limamin cocinmu, cire masa hula yake yi.

Kin san yadda muke yi in rediyo ya ce guguwa tana tafe: kowa ya buga katako a tagarsa, ya rubuta mata baƙar magana a kai. Cuthbert bai yarda da rubutunsa ba, sai ya ɗauko ragowar fentin kwalekwale ya zana ta. Mace ce, kumatu a kumbure, ido a waje, hannu a ƙugu.

Da komai ya lafa, mu masu sayar da kifi muka koma zaman rana, kaya yana wari tun kafin mai saye ya iso. Sai Fada ya shirya gwanjon zane a harabar coci don a yi wa kasuwa sabon rufi. An sayi na teku, an sayi na tsuntsaye, amma abin da aka samu bai wuce na ƙusa ba. Ni kuwa kin san ba na ganin taro in bar shi ya watse ban sayar masa da komai ba. Na je na ɓamɓaro katakon nan na jingina shi. Kowa ya matso yana kallo. Can sai tsohuwa Ma Titine ta dafe ƙirji ta ce, "Yesu! Yaushe Eudora ta dawo?" Fada da kansa sai da ya nemi kujera don dariya.

Cuthbert ya rantse ba da gangan ya yi ba. Wai rufe ido ya yi ya tuno abin da ya fi ba shi tsoro a duniya, hannu kuma ya yi aikinsa. Ina jin ranar da ya zo neman aurena ya tuno.

Alwin, mai gidan abincin nan na layinku a Birmingham, ya zo duba mahaifiyarsa, kuma tayin da ya yi wa katakon zai rufa kasuwa kaf. Amma ya ce ba zai biya ba sai kin amince, wai yana so ya ci gaba da zama lafiya a Ingila. Saboda haka rufinmu yana bakinki, Yaya. Ruwa na dukanmu.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Philomen

Yaya Eudora,

Ina gaisuwa, yaya gwiwa? Saƙonki ya iso. Zagin da ke ciki na karanta wa Cuthbert shi a tsaye, ya saurara hula a hannu. Sharuɗanki kuma an cika su: ya rage hancin, ya sa miki 'yan kunnen zinariya. Alwin ya ce kifin Lahadi kyauta ne gare ki muddin kina rataye a bangonsa.

An rufa kasuwa! Ranar da aka buga kwanon ƙarshe mun dafa romon kifi da ɗanyar ayaba, aka yi ganga har Ma Titine ta jefar da sanda. Na duba sama na ga babu rana a kaina, sai ga hawaye, ni da ko a jana'iza sai na matsa. Na gode, Yaya. Teburin farko a bakin ƙofa sunanki aka rubuta a jiki.

Ki gaida yara da kyau.

Taki,
Philomen

Af, na manta. Mutane sun lura duk layinmu tagarmu kaɗai ce ba ta fashe ba, wai guguwa ta leƙo ta gan ki ta kauce. Yanzu har daga ƙauyukan tudu ake zuwa a ce Cuthbert ya zana musu ke kafin baɗi. Za ki aiko masa da sabon hoto, ko za ki zo da kanki ki tsaya a bakin teku mu huta da sayen katako?