Fanken da ba na Hajiya ba

Matameye, daren Laraba, 9 ga Sha'aban

Yau aka sake buɗe shagon fanken marigayiya Hajiya Rabi. Wata takwas ke nan ina jira. Ko da masu fanken tasha suka yi ta kirana, ban taɓa sayen nasu ba, don ɗanta Sani ya yi mini alkawari ranar sadakar arba'in cewa hannun uwarsa ba zai ɓace ba.

Na je tun da sassafe. An yi fenti, an sa gilashi, amma babu bencin da na shekara ashirin ina karyawa a kansa kafin in tafi lakwal, makarantar da nake koyarwa. Na gutsuri fanken, sanyi ƙalau, sukari zalla.

Na ce, "Sani, ina kaskon Hajiya?"

Ya ce, "Mushe," haka ake kiranmu mu malaman lakwal, "ai na sayar. Daga Zinder ake kawo mana a kwali, ya fi sauƙi."

Ko kunya bai ji ba, kuma sunanta ne ya rubuta a saman ƙofa da manyan baƙaƙe.

Ni na yi ta gaya wa mutanen unguwa su zo. Da wane ido zan dube su a masallaci da asuba?