Na Ture Kunun Inna

Tambuwal, daren Laraba

Yau ma Inna ta kwance kafson kashe ƙwayoyin cuta ta zuba cikin kununa, don ta ga ina zaryar bayi. Na ture kwanon.

Tac ce, "Ke Hadiza, da shi nir rene ku!"

Nic ce, "Inna, likita ya ce hanji na da ƙwayoyin halitta masu tsaron shi. Shekara fuɗu ina shan abin ga, ina kashe su, kumburin hanjina na ƙaruwa. Har jini nika gani."

Wai boko ya lalata ni. Ko tuwo ba ta ci ba. Raina ya sosu, amma wallahi ba ni sha. Ni ka kwana da ciwon ga, ba ita ba. Daga gobe da hannuna za ni dama kununa.