Lodin da Ba Ni Na Yi Ba

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Hajara da yara? Ina fata kowa lafiya.

Ranar Juma'a kafilina, wato ubangidana na nan Saudiyya, ya sa na ɗaura wa mota karafan, ɗakin nan mai taya, za mu sahara. Ya cika bayan ɗakin da tankunan ruwa. Na ce, "Maigida, nauyin ya fi ƙarfin motar." Ya ce, "Tuƙi na kawo ka, ba surutu ba."

Muna barin Riyad ɗakin ya fara lilo, ya kife da mu. Kafaɗata ta goce. Da 'yan sanda suka zo, ya nuna ni, wai ni na yi lodin. Shekara shida ina tuƙa mutumin nan, Yaya.

Ku sa ni a addu'a. Ka gaida Inna, amma kada ta ji.

Ƙaninka,
Sani