Jakunkunan da Na Zaɓa wa Yaya Dogo

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yaya, ki yafe mini, zan sa magana a gaban gaisuwa, don idan na tsaya gaishe ki tukuna ƙarfin halina zai ƙare. Na yi wa Yaya Dogo ƙarya. Ba irin ƙaramar ƙaryar nan ta in ce ban ga cajarsa ba, a'a, ƙarya ce da zai ɗaure a jikin babur ɗinsa ya yi tafiyar kwana huɗu da ita zuwa wajenki. Ban faɗa wa kowa ba, ko Umma, ko ƙawata da muke zama benci ɗaya. Ke ce ta farko.

To, na furta, bari in numfasa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da 'yar jaririyarmu da har yau ban san nauyinta a hannuna ba. Allah ya ƙara miki lafiya, ya raya ta, ya sauƙaƙa miki aikin asibitin nan da ba ya barin ki zama. Mu nan duk lafiya lau. Gwiwar Umma ta yi sauƙi, har ta koma kan keken ɗinkinta. Baba ya sake ɓatar da tabarau, muka juye gidan kaf, ashe yana cikin firji. Kaka kuwa tana nan da tsiyarta. Duk sanda ta gan ni da littafi sai ta ce in gaishe mata da angon takarda, in tambaye shi yaushe zai fito daga shafi ya zo su gaisa.

Kin san shekara biyu ke nan Yaya Dogo yana lallaɓa babur ɗin nan mai dogayen ƙafafu irin nasa, kuma kin san ya rantse ba ta babban titi zai zo miki ba, sai ta hanyoyin daji, inda yashi da duwatsu suke. Abin da ya rage masa shi ne inda zai zuba kaya. Da farko akwatunan ƙarfe ya so, masu makulli, amma bakanikensa ya hana shi. Ya ce in ya faɗi cikin yashi akwatin zai iya danne masa ƙafa ya karya ta, kuma da zarar ya lotsa murfin ba ya sake rufuwa. Aka tsaya a kan jakunkunan gefe masu laushi. Shi kuma mutuminki karatu ba ya gabansa, sai ya miƙo mini wayarsa ya ce tunda ina cinye littafi mai shafi ɗari uku a kwana biyu, in karanta masa abin da masu saye suka rubuta, in zaɓa masa.

Wallahi na karanta, Yaya, kamar zan yi jarrabawa. Na gano cewa masu zif ba sa jure ƙura, gara waɗanda ake naɗe bakinsu sau uku a ɗaure, ruwa ba ya shiga. Na gano cewa jakar da ke ɓangaren salansa tana bukatar farantin da zai kare ta daga zafi, in ba haka ba ta narke da kayan cikinta. A ƙarshe iri biyu suka rage. Akwai manya, kowace tana cin lita talatin da biyar, amma igiyoyinsu ta kan kujerar baya suke bi, su kuma su sauko su rufe wajen da na baya ke ɗora ƙafa. Akwai ƙanana masu lita goma sha biyar, suna maƙalewa can baya a jikin kariya, wato ƙarfen ɗora kaya, su bar kujerar fili. Duk wanda ya yi doguwar tafiya manyan ya yaba. Ni kuwa na dubi Yaya Dogo na ce masa manyan suna lilo, suna fizgar babur a kwana, mutane sai kuka suke da su. Mutum ɗaya tak ya rubuta haka, shi ma a ƙasa ya amsa cewa shi ne bai ɗaure da kyau ba. Yaya Dogo bai ko karɓi wayar ya duba ba. Washegari ya shigo da ƙananan.

Kujerar nake so, Yaya. Tun ranar da ya ce zai zo wajenki na ɗauki tef ɗin awon Umma na auna ta, na auna kaina. In na dawo daga makaranta na tarar ba kowa a tsakar gida, sai in hau babur ɗin yana jingine, in kifa hular kwanonsa da ke rufe mini har hanci, in rufe ido. A littattafan da kika bar mini cikin kwalin ƙarƙashin gadonki, kullum yarinya tana bayan babur, iska na ɗaga mayafinta, kuma a ƙarshen hanya akwai wani mai dogon hanci yana jira. Ni a tawa hanyar ba kowa a ƙarshe sai ke, kina tsaye a bakin ƙofa da jaririya a kafaɗa, kina cewa na yi tsawo. Shekara uku, Yaya. Gadonki yana nan ban bari an fitar da shi ba, a kansa nake ninke kayana. Har yanzu in na zo wajen da littafi ya yi daɗi sai in ɗago kai in karanta miki, sai in ga bango. Kina kira a waya, na sani, amma Umma na gefe, Kaka na miƙo hannu, ni kuma sai dai in ce lafiya lau, lafiya lau, har a karɓe wayar. Shi ya sa na ɗauko biro.

Abin dariyar shi ne ban taɓa tambayar Yaya Dogo ya tafi da ni ba. Na shirya maganar ya fi sau ashirin a gaban madubi. In na je gabansa sai in tambaye shi ko zai sha ruwa. Ga makaranta ba a yi hutu ba, ga Baba da ko kasuwa ba ya so in je a bayan babur. Duk na san wannan. Kawai dai na ji in kujerar tana nan fili, to ban rasa ba tukuna.

Jiya da rana Yaya Dogo ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya baje kayansa don gwaji. Abu na farko da ya yi, ya ɗora tantinsa da jarkar ruwa a kan kujerar tawa, ya ɗaure tamau, yana fito. Ina tsaye da tsintsiya a hannu. Daga nan ya hau cusa sauran cikin jakunkunan, ya fitar, ya sake cusawa, sun ƙi shiga. Ga bargon da Umma ta saƙa wa jaririya, ga 'yan rigunan da ta ɗinka guda shida, ga tsarabar Kaka da ta ce ko allura aka rage ba ta yafe ba. Ya daɗe a tsugune yana sosa ƙeya. Can sai ya ware rigar ruwansa, da tib ɗin taya na ko-ta-kwana, da ɗan akwatin magani, ya tura su gefe, ya ce kayan 'yarsa ba za su kwana a nan ba, shi ai ba gishiri ba ne da ruwa zai narkar. Baba ya leƙo ya tambaya ko jakunkunan ba su yi ƙanana ba. Yaya Dogo ya ce Auta ce ta bincika, kuma abin da Farfesa ta zaɓa ba a ja da shi. Har da ɗaga mini babban yatsa. Na shige ɗaki na kifa kaina a filonki.

Yaya, hadari ya fara haɗuwa kullum da la'asar. Ina ganinsa a zuciyata cikin daji, taya ta fashe, ba mai faci kusa, ruwa na dukansa, duk saboda kujerar da ba zan ma zauna a kai ba. Mai shagon ya ce masa in bai cire takardar jikinsu ba zai iya canzawa cikin mako guda, kuma yau ne kwana na bakwai. Da safe na je in faɗa masa, na tarar yana shafa wa sarƙa mai, ya ja mini kunne ya tambayi Farfesa me take so. Na ce ba komai.

Ba roƙonki nake ki wanke ni ba. Ina so dai wani ya sani, kuma ke kaɗai ce ba za ki yi mini dariya ba, ko kin yi ma a hankali za ki yi. In kin ga da hali, ki yi wa Umma da Baba magana in zo miki a dogon hutu, ko a motar haya ce, ko a kujerar tsakiya ce. Zan yi miki raino, zan yi wanke-wanke, ba zan taɓa littafi ba sai kin ce.

Umma tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci kafin ki fita aiki. Baba yana sa miki albarka. Kaka ta ce a gaya wa maigidanki ba ta manta alkawarin turarenta ba. Ki gaishe mini da shi da kyau, da surukarki, da maƙwabciyar nan da ke riƙe miki jaririya. Ita kuwa 'yata, ki sumbace ta a tafin ƙafa, ki ce mata daga ƙaramar uwarta ne. Allah ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Auta

Ƙari: Niyyata ita ce in liƙe ambulan, in tura shi can ƙasan jaka, sai ya iso ki karanta. Yanzu na sake bin wasiƙar daga sama, na ga in na yi haka ke za ki san gaskiya, shi kuma ruwa ya riga ya dake shi. Ba zan liƙe ba. Yana waje yana gwada fitila, shagon kuma sai ƙarfe shida yake rufewa. Bakina ba zai iya ba, amma hannuna zai iya miƙawa. Zan ce masa ya karanta kafin ya sa a jaka, ko da karatun ba ya gabansa, kuma zan tsaya a wajen har ya gama. Bari in sa takalmi.