Fentin da Na Sayar wa Kansila Ya Karya Ladanmu

Assalamu alaikum Malam, ina gaishe ka da masu karanta wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma a daure a kai ƙarshe kafin a yanke mini hukunci.

Ina da shagon kayan gini a Agege, siminti da fenti da kwalta nake sayarwa tun zamanin soja. A layinmu akwai wani da muka taso tare, ɗan kamasho ne a tashar motocin haya da ake kira danfo, bai taɓa riƙe sana'a ta zaunu a hannunsa ba. Da aka yi zaɓe farar hula suka dawo, sai ga shi wai kansila. Babbar riga ta fito, tumbi ya fito, mutumin da nake saya wa shayi da burodi ya koma Honarabul, sunana ma ya ɓace masa, sai dai "mai fenti". Masu zaginsa a tasha su ne yanzu ke rige-rigen buɗe masa ƙofar mota.

Kwanakin baya ya ce zai gyara wurin alwalar masallacinmu, kowa kuwa ya san don a ɗauke shi hoto ne. Aka zuba sabon daɓe, ya shigo shagona da 'yan rakiyarsa ya ce, "Mai fenti, kore nake so, mai ƙyalli kamar madubi. Ciyaman ne zai buɗe wurin." Malam, ina da abin da ya dace da daɓen da ruwa ba ya ɗaukewa a kansa. Akwai ruwan da siminti ke sha ya toshe, akwai mai haɗi biyu irin na masana'antun Isolo, wanda ake barbaɗa wa yashi kafin ya bushe don ƙafa ta samu riƙo. Na fara cewa, "Honarabul, wurin ruwa ne fa," sai ya ɗaga mini hannu ya ce, "Ba lacca na zo ji ba, ba ni abin da na ce." Yaransa suka bushe da dariya. Na shiga ciki na ɗauko masa fentin mai, na ƙofa da taga, wanda in ya jiƙe ya fi sabulu santsi. Me nake so? So nake ya zame a gaban ciyaman, rigar nan ta sha ruwan alwala, Agege ta samu abin hira.

Wanda aka ba aikin shafawa, Isuhu, mutumin Maraɗi ne, magidanci mai 'ya'ya. Har shago ya biyo ni ya ce, "Alhaji, anya wannan ba na ƙofa ba ne?" Na ce masa, "Mai abu ya zaɓa, kai dai shafa." Wannan maganar ita ta fi ci mini rai.

Kansila bai faɗi ba. Ina zai faɗi, mutumin da ranar buɗewar ko takalmi bai cire ba, daga bakin ƙofa ya yanka zare ya koma mota? Baba Ladan ne ya faɗi, tsohon da tun muna yara muryarsa ke kiran mu salla. Ya zo alwalar azahar, ƙafarsa ta kwashe, ƙugunsa ya karye. Yanzu haka yana kwance.

Nan take Honarabul ya ce Isuhu ne ya sauya fentin da na banza, ya sa 'yan sanda suka kama shi, da ƙyar Liman ya karɓo shi. Ba mai ba shi aiki yanzu. An sa zama bayan sallar Juma'a, Liman ya ce in zo in yi bayani tunda ni na san fenti. Jiya sai ga Kansila shi kaɗai a shagona, ba rakiya, ya tuna sunana tsaf. Ya ce, "Ɗan'uwa, ka ce mai kyau ka ba ni, mutumin nan ne ya sauya. Ka ga ni na fita, shagonka ma ya fita." Na dube shi yana share gumi da hannun riga, wallahi ban ji komai ba sai ƙyama. Amma da me na fi shi? Shi jahilci ne da son a gani, ni kuwa da sanina na yi.

Na je duba Baba Ladan, ya riƙe hannuna ya ce, "Alhaji, ƙaddara ce. Wa ke kiran sallar yanzu? Ka ce masa ya daina gaggawa." Na kasa kallon fuskarsa.

In na bi Kansila, Isuhu ya gama zama a Agege. In na faɗi gaskiya, ba shi kaɗai zan tona ba, dole in tsaya gaban Liman da 'ya'yan Baba in ce na san wurin zai yi santsi, kuma so na yi wani ya faɗi. A masallacin nan nake salla, a layin nan nake cin abinci. Juma'a ta matso. Me zan yi?