Takardar da Ke Cikin Faifan

Yaya Marlys,

Ina gaida ki daga Chicago. Ya yara, ya ƙafar Mama? Ni lafiya lau, murya ce kawai ta dushe, kuma barci ya ƙi.

Faifanmu zai fito ranar Talata. Kin san irin kiɗanmu, ihu ne da ƙarar gita, ba mai tsintar kalma. Shi ya sa a waƙa ta shida na faɗi komai na ranar da Baba ya tafi, har abin da Mama ta ce masa a bakin ƙofa. Na ɗauka ƙarar za ta rufa min asiri.

Yau na buɗe kwalin faifan, sai ga baitocin duka a takarda. Lowell mai ganga ya yi dariya ya ce, "Kai dai! Ai kowa haka yake bugawa."

Mama ta sa mai shagon garinmu ya ajiye mata ɗaya. Don Allah ki riga ta zuwa, ki zare takardar.

In kuma ta karanta, ki gaya min gaskiya: in zo gida Kirsimeti, ko in zauna?

Ƙaninki,
Corwin