Libarba a Idon Sawu

4 ga Agusta

Kawu Orval,

Ka taɓa ganin wanda ya ɓoye tukunyar ƙarfe a cikin riga? To don me da na nemi aron bindigar da za ta ɓoyu, ka aiko mini da wannan dodon? Bari dai in gaishe ka, kada ka ce 'yar'uwarka ta mutu ba ta yi mini tarbiyya ba. Ina fata kana lafiya, kai da Inna Verna. Yaya ƙugun naka? Yaya tsohon karenka, har yanzu yana haushin motar mai wasiƙa? Ni lafiya lau, ban da kafaɗar da libarbarka ta kusa gocewa.

Na rataya ta a hammata yadda ka ce, na tafi aiki injin katako. Ban kai ƙofa ba Dutch mai gadi ya ce, "Tate, ƙari ne ya fito maka ko kaza ka sato?" Kafin a tashi cin abinci kowa na kirana Mai Kaza.

Tunda ka ƙi sa waya a gidanka, ga bayanin a rubuce. Lahadin ƙarshen wata zan kai budurwata Brenna tsinkar hakulberi, shuɗɗan 'ya'yan itacen nan na daji, a saman kwarin da Mama take zuwa, in durƙusa a can in miƙa mata zoben Mama. Ka san yanzu ne beyar, ƙaton naman dajin nan mai farata, ke cika ciki da hakulberin kafin sanyi. Ba zan kai 'yar mutane wurin hannu rabbana ba. Sai dai tun ranar da muka fara fita Brenna ta ce mini, "Ba abin da na tsana irin namijin da ke yawo da bindiga a ƙugu kamar shi ya ƙera ta." Ta ce a kan haka ta kori saurayinta na baya. Ka ga ke nan: in ban ɗauka ba beyar ya cinye mu, in ta gani ta kore ni.

Na bar makaranta da wuri, amma ban bar karatu ba. Littafi huɗu na aro a laburare kan wannan magana. Na farko ya ce babbar bindiga ce maganin beyar, na biyu ya ce wanda ya rubuta na farko bai taɓa shiga daji ba. Sauran biyun junansu suke zagi.

Na bar maka dodonka wurin Faye mai gidan abinci, ka karɓa in ka shigo gari ranar Asabar. Kada ka faɗa wa kowa maganar nan.

Ɗan 'yar'uwarka,
Tate

17 ga Agusta

Kawu Orval,

Bayan gaisuwa mai yawa, na samu takardarka. Na ji daɗi da ƙugun ya yi sauƙi. Ka gode wa Inna Verna, burodin ayabar ya iso, ban ba kowa ba.

Na zaɓa. Ƙaramar libarba ce mai gajeren baki, harsashi biyar, ba ta da ƙarfen ɗanawa da ya ɓullo ta baya balle ya kama tufa. Merle mai shagon bindigogi ya juya ta a tafin hannunsa ya ce, "Yaro, in ka harbi beyar da wannan, har ya gane kai ne, ransa zai ɓaci ƙwarai." Tsofaffin da ke zaman banza a shagon suka bushe da dariya. Na ce masa a shafi na casa'in an rubuta cewa bindigar da ke jikinka ta fi wadda ka bari a mota don nauyi. Ya ce in karanta wa beyar ɗin shafin.

Shawararka ta kube a idon sawu kuwa, dole in yarda ta yi. Ba wanda ya lura. Kullum in na taso aiki, kafin ma in cire wandon aikin, sai in shiga bayan rumfa in gwada: durƙusa, ja ƙafar wando, zare. Daƙiƙa biyu, Kawu. Matsala ɗaya, nauyin yana sa ni ɗingishi kaɗan. Brenna ta tambaya, na ce takalmi ne ya ci ni. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce Allah ya sawwaƙe.

Zoben ma a kuben zan sa shi, domin Brenna ba ta barin aljihuna, kullum hannunta na ciki tana neman cingam. Ta kuma saya mini sabon wandon jins, irin mai kama ƙafa. Shi zan sa ranar don ta ji daɗi.

A yi mini addu'a.

Naka,
Tate

1 ga Satumba

Kawu Orval,

Ina gaishe ka don dole. Ina fata kana lafiya, domin ina so ka iya tsayawa da ƙafarka ranar Asabar. Inna Verna kam ina gaishe ta da zuciya ɗaya.

Mun hau kwarin da hantsi, mun cika bokiti ɗaya da rabi. A gindin itacen da Mama ke zama na ce Brenna ta tsaya. Na durƙusa a gwiwa ɗaya. Ta ajiye bokiti, ta rufe baki da hannu. Na kama ƙafar wando na ja. Ta ƙi. Sabon wandon ya manne wa wuyan takalmi kamar an ɗinke su tare. Na sake ja, na yi nishi. Brenna ta ce, "Tate, aure za ka nema ko ƙaiƙayi kake ji?"

Sai ciyayi suka motsa a bayanta. Baƙin beyar ne, ƙato, bakinsa shuɗi da hakulberi, bai fi taku ashirin ba.

Kawu, littafi huɗu na karanta, ba wanda ya yi maganar wando. Tunda ta ƙasa ta ƙi, hankalina ya ce in biyo ta sama. Na miƙe, na kwance bel, na zuge wandon har gwiwa, na cusa hannu. Wandon ya harɗe ni, na kifa cikin bokiti.

Brenna ko gezau. Ta ɗaga hannu biyu sama, ta ce da muryar da take korar shanun babanta, "Kai, malam, wuce! Ba ka ga ana magana ba?" Beyar ya dube ta, ya dube ni ina kwance da gajeren wando mai hoton kifi, ya yi atishawa, ya juya abinsa. Ko sauri bai yi ba. Wannan ya fi yi mini ciwo.

Ta zauna ta ja mini takalmin. Kube ya fito, bindiga ta fito, zobe ya gangaro cikin ciyawa. Na ce a raina shi ke nan, na bi sahun saurayinta na baya. Na fara rantse-rantse. Ta ce, "Yi shiru. Sati biyu kana tafiya kamar agwagwa, ka ɗauka makauniya ce ni?" Ta buɗe jakarta, ta ɗaga burodin da muka zo da shi. Me zan gani a ƙasa? Dodonka! Libarbar da na bar maka wurin Faye! Ta ce, "Kawunka ya ba ni, ya ce in riƙe ko da wando zai ba ka matsala. Ni ban ce na tsani bindiga ba, masu nuna ta na tsana. Kai kuwa ka ɓoye taka har kai kanka ba ka same ta ba." Ta ɗauki zoben ta sa da kanta, ta ce in ja wandona kafin ta canja shawara.

To ta yarda. Za a yi bikin a watan Mayu, kuma ina son ta fiye da da. Amma wannan bai wanke ka ba. Ka san da maganar wandon, ka yi shiru. Jiya na shiga wurin Faye, Dutch ya ɗaga kofinsa ya ce, "A ɗaure bel, ga maharbi!" Merle ya manna hoton kifi a tagar shagonsa. Brenna ta rantse ba ta faɗi komai ba sai ga Inna Verna.

Ranar Asabar da ƙarfe tara zan zauna a teburin tsakiya wurin Faye. Ka zo ka tsaya gaban kowa ka amsa mini: wa na ce kada ya faɗa wa kowa? Kuma tunda ka hango wandon tun daga gidanka na kan dutse, me ya hana ka rubuta mini layi ɗaya? In ba ka amsa ba, Merle zan sa ya tsaya mini a matsayin uba ranar biki, kai ka zauna a baya da karenka.

Ɗan 'yar'uwarka, ango,
Tate